Nomau Ya Je Neman Kanwa a Jamus

A ƙauyen Kanya Uku akwai wani bawan Allah da ake kira Nomau. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, ga murya, in ya yi sallama a ƙofar gida sai kaji su watse. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka ce masa shi zai yi, daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari, ko da mai maganar gatse yake yi. Yana zaune da matarsa Tasalla da 'ya'yansu uku da mahaifiyarsa Inna Marka, kuma kowa a gidan ya san in za ka sa Nomau aiki, to ka faɗa masa inda zai tsaya. Tasalla tun tana amarya ta koyi wannan. Ta ce ya yi ta zuba ruwa a randa sai ta ce ya isa, ta leƙa maƙwabta, hira ta yi daɗi. Da ta dawo ta tarar agwagin unguwa na iyo a tsakar gidanta, ga Nomau can tafe da tulu na goma sha tara.

Autar Inna kuwa, Yalwa, aure ya kai ta birnin Hamburg a ƙasar Jamus, inda mijinta Nafi'u ke gyaran injin jiragen ruwa. Da haihuwarta ta fari ta matso, Nafi'u ya aiko da takardu Inna ta je ta yi mata jego. Inna ta ce ita ba ta hawa abin da ke tashi sama sai da namiji daga gidanta. Aka duba 'ya'yanta maza, masu wayon duk suna da abin da zai lalace in sun yi tafiya. Sai Nomau.

Suna hanya Yalwa ta sauka lafiya, ranar Litinin, aka sami namiji. Kafin su tashi Nafi'u ya ja wa Nomau kunne ta waya: "Yaya, in kun sauka a filin jirgi, kada ka ɓoye wa ma'aikata komai." Nomau ya ce to. Da suka sauka wani ma'aikaci ya nuna jaka ɗaya. Nomau ya buɗe ta, ya buɗe sauran ukun da ba a tambaya ba, ya farke matashin da Inna ta cusa garin gero a ciki, sannan ya nuna ƙugun Inna, inda ta ɗaure kanwa ungurnu a ƙarƙashin zane. Inna ta yi ta ƙifta masa ido.

"Inna, wani abu ya faɗa miki a ido ne?"

Ma'aikata suka ga fararen duwatsu ba suna ba takarda, suka kwashe, har da garin da yajin da ke cikin jaka.

Gidan Nafi'u a hawa na huɗu yake, shiru kamar ba mutane. Suka tarar da Yalwa kwance, jariri na ta tsala kuka a gefenta. Bayan an gaisa an yi barka, ta kama hannun Inna ta ce, "Inna, kin zo da kanwar?" Inna ta dubi Nomau. Yalwa ta juya fuskarta bango. Wata tara yarinyar nan tana kwana tana tashi da begen kunun kanwa mai zafi da yaji, irin wanda ake dama wa kowace mai jego a garinsu. Daga ranar ta rufe bakinta. A kawo burodi ta ture, a kawo romo ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Ruwan nono ya ƙi zuwa sosai, yaro ya ƙi yin shiru. Abin ya tsaya wa Nomau a rai, don shi ya yi ta saɓa Yalwa a kafaɗa tana ƙarama, kuma ya san da hannunsa ya miƙa kanwar. Ya yi alkawari zai samo wata kafin suna, ranar Litinin mai zuwa. Nafi'u bai hana shi ba, don shi kansa bai san inda ake sayarwa ba. Shekara shida yana garin, daga gida sai wurin aiki, mutum ne da ba ya son abin da zai sa a nuna shi da yatsa. Ya rubuta adireshi da lambar waya a kati, ya rataya wa Nomau a wuya.

Wata rana, wato Laraba, Inna ta zaunar da shi ta karanta masa dokar kasuwa. "Duk abin da mai kaya ya yanka maka, ka taya rabi. In ya ce albarka, ka juya ka yi tafiyarka a hankali, za a kira ka." Nomau ya sauka ya shiga babban kantin da ke ƙarshen layi, irin wanda mutum ke ɗibar kaya da kansa. Kanwa dai bai gani ba, amma can wani lungu, kusa da abincin karnuka, ya ci karo da gero zangarniya-zangarniya a cikin leda, da hoton tsuntsu a jiki. Ya ce a ransa, ashe su ma tsuntsaye na yi musu ɓarna a gona. Ya kai wa matar da ke karɓar kuɗi. Ta nuna masa shida a jikin na'ura, ya ɗaga mata yatsu uku. Ta girgiza kai.

"Haba baiwar Allah, geron da ko sussuka ba a yi masa ba?"

Ta sake girgiza kai. Nomau ya ajiye gero, ya juya yana jan ƙafa yana kasa kunne, har ya fita waje ya tsaya. Ƙofar kantin ta gilashi ce, mai buɗe kanta in mutum ya matso. Yana ɗan gyara tsayuwa sai ta buɗe. "Yauwa, an sauko," in ji shi, ya koma ya sake ɗaga yatsu uku. Sau goma sha ɗaya yana fita ƙofa na kiransa yana dawowa, har mai gadi ya gaji ya kama katin wuyansa ya kira Nafi'u. Da suka iso gida Inna ta tambayi Nomau ko an dace.

"Saura ƙiris, Inna. Ƙofar ta yarda, matar ce mai taurin kai."

Wata rana kuma, Alhamis, Nafi'u ya ce, "Yaya, kanti ba wurinka ba ne. Nan ma akwai kasuwar fili da ke ci mako-mako. In ka ga tsohuwa da safe tana jan jaka mai taya, ka bi ta, kasuwa za ta." Nomau ya tsaya a bakin titi har Allah ya kawo wata tsohuwar Baturiya da jakarta. Ya bi ta. Ta ƙara sauri, ya ƙara. Ta waiga, ya ɗaga mata hannu yana murmushi don kada ta ga rashin ladabi. Suka shiga wata babbar ƙofa, sai ga fili mai itatuwa, an yanka shi layi-layi, kowane gurbi da furanni da dutse mai rubutu. Nomau ya yi sallama da ƙarfi, ba a amsa ba. Tsohuwa ta tsaya a wani gurbi ta ciro butar ban-ruwa daga jaka. Nomau ba ya iya ganin babba na aiki, ya karɓe butar. Ta nuna masa famfo, ta nuna furanni, amma ba ta nuna masa inda zai tsaya ba. Sai da ya shayar da layi huɗu. Tsohuwa ta zauna a benci tana dariya tana share hawaye, da zai tafi ta ba shi tuffa ɗaya.

"Na gano kasuwar," in ji shi da ana cin abinci. "Ban taɓa ganin mai tsabta irinta ba. Kowa da rumfarsa, an rubuta sunansa a dutse. Sai dai yau masu kayan ba su fito ba."

Nafi'u ya ajiye cokali. "Yaya, maƙabarta ka je."

Nomau ya ce, "Shi ya sa ba wanda ya amsa sallamata."

Inna ta toshe baki da mayafi don kada ta yi dariya a gaban suruki. Yalwa ko juyowa ba ta yi ba. Nomau ya lallaɓa ya ajiye mata tuffar kusa da matashi, da gari ya waye tana nan inda ya ajiye ta.

Wata rana, Jumma'a ke nan, Nafi'u ya ce da kansa zai kai shi bakin kasuwar filin, shi ya wuce wajen takardun jariri. Kafin su fita Inna ta ce, "Ita kanwa ba a sayenta da ido. Duk farin dunƙulen da ka gani, ka lasa. In ka ji ɗaci-ɗaci da santsi a harshe, ita ce." Kasuwar ta burge Nomau, rumfuna na tanti, ga kayan lambu an jera kamar ba za a ci ba. Ya fara da rumfar mai cuku. Ya nuna wani farin dunƙule ya nuna harshensa, mai cuku ya yanko masa da fara'a, ya ƙara masa wani. Nomau ya ce lallai mutanen nan sun san dokar Inna. Ya lashi gishiri, ya lashi alewa, ya lashi wani abu da daga baya aka ce kyandir ne. Can sai ga wata rumfa shaƙe da dunƙule-dunƙule, farare fat, an yayyanka su kamar ungurnu sak. Murna ta kama shi. Ya ɗauki na farko ya lasa: ga ɗaci, ga santsi. Amma Inna cewa ta yi duk wanda ya gani, don haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai rumfar na can tana ba wata canji, kafin ta juyo ya gama layin gaba, kumfa na zubo masa ta gefen gemu. Ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu. Aka sake kiran Nafi'u, ya zo ya biya kuɗin sabulu ashirin da biyu, kowanne da sawun harshe a jiki.

"Inna," in ji Nomau, yana magana kumfa na tashi, "tasu kanwar ƙamshin fure take yi."

Ranar Asabar ba a aike shi ko'ina ba. Ya zauna a ƙofar ɗakin Yalwa ya haɗa kai da gwiwa. Ta rame, idanunta sun faɗa, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ya ji tana ce wa Inna a hankali, "Da a gida ne, da yanzu tsakar gida ba wurin taka ƙafa don 'yan barka. Nan kwana biyar, Inna, ko sallama ɗaya ba a yi mini ba." Inna ta ce ta yi haƙuri. Nomau ya tashi ya sami Nafi'u a falo.

"Gobe wace kasuwa zan je?"

Nafi'u ya kwana biyar ba barcin kirki, ga kwalin sabulu a gabansa. Haƙurinsa ya ƙare. "Gobe Lahadi, duk kantunan garin nan a rufe suke. Ba mai ci sai ta bakin kogi da sassafe, ga ta can gangare, kifi suke sayarwa. Abin da ya rage maka ai sai ka je tsakiyarta ka hau kan akwati ka yi cigiya kamar mai shelar ƙauye, ka faɗi sunanka da nawa, duniya ta gama saninmu!" Ya shige ɗaki ya rufo ƙofa.

Nomau ya ce to.

Wata rana, ita ce Lahadin, yana idar da sallar asuba ya sa babbar rigarsa ya bi gangare. Kasuwar bakin kogi ta cika maƙil, kuma a nan ne ya fara ganin Turawa na ciniki kamar mutane: masu kifi a kan motocinsu suna ta ƙwala kira, kowa na son ya fi ɗan'uwansa murya. Nomau ya sami akwatin kifi da ba kowa a kai, ya kife shi a tsakiyar hanya, ya hau. Ya sa hannu a kunne ya buɗe maƙogwaron nan da ke watsa kaji.

"Jama'a, salamu alaikum! Cigiya nake! Ni ne Nomau ɗan Marka daga Kanya Uku! Autarmu Yalwa ta haihu, an sami namiji, yau kwana shida ba ta ci abin kirki ba! Kanwar da Inna ta ɗauro, ni na sa aka ƙwace! Duk mai kanwa, ko 'yar mitsitsiya ce, ya taimaka saboda Allah! Gidan Nafi'u mai gyaran jirgi, hawa na huɗu, ga adireshi a wuyana!"

Masu kifi suka yi tsit, don ba su taɓa jin wanda ya danne su ba. Mutane suka kewaye shi da wayoyi, wasu na tafi sun ɗauka wasa ne. Ba a ce masa sau nawa zai yi ba, don haka da ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Yana cikin zagaye na bakwai, ga wasu masu tsaron kasuwa biyu sun nufo shi, sai ya ji wata murya daga cikin taron.

"Kai ɗan'uwa! Wace Yalwa? 'Yar wa?"

Wata dattijuwa ce mai lulluɓi, ta saki ledar kifinta a ƙasa tana kutsowa. Sunanta Hajiya Atine, mutuniyar Damagaram, shekararta goma sha tara a garin. Ta yi wa masu tsaro magana da harshensu, suka ja da baya suna murmushi.

"Sauko mu yi magana."

"Kina da kanwa?"

"Ina da ita."

"To na sauko."

Ta sa ya ba ta labari tun daga filin jirgi. Da ya zo kan sabulu ta yi dariya har ta dafa kafaɗarsa, da ya zo kan maganar 'yan barka sai dariyar ta tsaya. "Kwana shida? Muna garin nan 'yarmu ta haihu ba mu sani ba? Kanwa ai tana nan a wani ɗan shago bayan tashar jirgin ƙasa, ana sauka matakala, ko allo babu. In ba wani ya kai ka ba, ka shekara kana wucewa ta gabansa." Ta ɗauki hoton katin wuyansa, ta sa ya maimaita cigiyar a cikin wayarta, ta tura wa ƙawayenta da ke garin, ta ce ya koma gida ya ce wa Inna ta ɗora ruwa.

Ya tarar da Nafi'u tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu, muryar Nomau na fitowa daga cikinta. Wani abokin aikinsa ne ya turo masa.

"Yaya, me ka yi mana haka? Ka tona mana asiri a tsakiyar kasuwa! Gatse fa nake yi!"

"Ai ba ka ce gatse ba ne."

Nafi'u ya buɗe baki zai ƙara, sai ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Hajiya Atine ce, da ƙullin kanwa da garin gero. Ba a gama gaisawa ba ƙararrawar ta sake yin ƙara: wasu mata biyu 'yan zangon Kumasi, da citta da kanumfari da masoro. Sai wata 'yar Jos da kaza, sai wata daga Garwa da daddawa, sai wata Basakkwaciya da ba ta kawo komai ba sai guɗa, ta kuwa fara ta tun daga hawa na ɗaya. Maƙwabta suka yi ta leƙowa. Kafin azahar takalma sun taru a ƙofar Nafi'u har ba wurin taka ƙafa, shi kuwa ya maƙale a jikin bango yana ta "Sannunku da zuwa, mun gode," kunya da daɗi sun hana shi ɗaga kai.

Ƙullin kanwa biyar aka ajiye a gaban Inna. Ta miƙa hannu, Nomau ya riga ta. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya yana lasa, mata sun zuba masa ido. Da ya gama ya jira kaɗan, ya shafa gemu ya duba tafin hannunsa.

"Ita ce, Inna. Ba ta kumfa."

Aka kwashe da dariya, kuma a cikin dariyar Nomau ya tsinkayi wata da ya sani tun tana ƙarama. Ya waiga. Yalwa ce zaune a bakin gado, an ɗaura mata ɗankwali, mata sun kewaye ta ana ta "Barka da arziki," jariri na yawo daga hannu zuwa hannu. Hawaye na zuba a fuskarta, amma dariya take yi.

Inna ta dama kunu, ƙamshin yaji ya cika gidan har matakala. Ta zuba a babbar roba ta miƙa wa Nomau da ludayi ta ce ya kai. Ya durƙusa a gaban Yalwa kamar yadda yake yi mata tana yarinya. Ta miƙo kwano da hannu biyu.

"Yaya, zuba mini. Ka yi ta zubawa sai na ce ya isa."

Inna ta zabura za ta yi magana, don ta tuna agwagin Tasalla, sai kuma ta koma ta zauna. Nomau ya cika kwano, Yalwa ta shanye tana gumi. Ya sake cikawa, ta shanye. Aka miƙo mata yaro ta sa shi a ƙirji, ya kama, ɗakin ya yi shiru har ana jin haɗiyarsa. Nomau na nan durƙushe da ludayi cike a sama, yana jiran kwano, kuma duk cikin matan nan ba wadda ta ce masa ya isa.